Waƙar Aku Tsintacce da Sharhinta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci tsuntsaye jinsi-jinsi, Ya sanya wa kowane arzikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka. Dalilin wannan waƙa shi ne, wata safiya cikin damina, bayan an kwana ana ruwa da iska a Kumasi, wani almajiri nawa ya shigo zaure da abu ƙunshe cikin rigarsa. Da ya buɗe sai ga aku, mai ruwan toka da jar wutsiya, ya jiƙe sharkaf yana karkarwa. Ya ce a kan katangar wurin alwala ya same shi. Nan take gardama ta tashi tsakanin almajirai. Wani ya ce arziki ne Allah Ya kawo, a sayar a sayi tabarmi. Wani ya ce a sake shi, tsuntsu ba shi da ubangida sai Allah. Na ga duka biyun sun yi magana ba da ilmi ba, alhali babin tsintuwa sun karanta shi a Risala, sai dai sun ɗauka hukuncin jakar kuɗi ne kurum. Saboda haka na tsara waɗannan baitoci don sauƙin hadda, na bi su da sharhi.

Na fara da sunan Rabbu Sarki,
Mai riƙe tsuntsu a samaniya.

Salati da sallama ga Manzo,
Alai, sahabbai masu gaskiya.

Ya ɗan'uwa zo kusa ka saurara,
Hukuncin aku in ya ɓata hanya.

Ya sauka gidanka ba ka saya ba,
Amana ce, ba ta zam dukiya.

SHARHI: Ka sani ya ɗan'uwa, Allah Ya yi maka rahama, abin da muke ce wa tsintuwa shi ne malamai suke kira luƙaɗa, watau dukiya mai alfarma wadda ta fita hannun mai ita, tana gab da salwanta. Asalin babin shi ne hadisin Zaidu ɗan Halidu Aljuhani, wanda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito shi. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tsintuwa, ya yi umurni a gane jakarta da igiyar bakinta, a yi cigiyarta shekara guda. Aka tambaye shi game da ɓatacciyar akuya, ya nuna a ɗauke ta, domin in ba a ɗauka ba kura ce za ta ci. Aka tambaye shi game da raƙumi, sai ya hana a taɓa shi, domin raƙumi yana kai kansa ruwa, yana cin ganye, har mai shi ya same shi.

To dubi hikimar da ke ciki. Ma'aunin shi ne, shin dabbar tana iya tsare kanta ko ba ta iyawa. Wanda ya ga aku yana da fiffike zai ce ai wannan irin raƙumi ne. Amma akun da ya tashi cikin keji bai san inda ake neman ruwa ba, bai san shaho ba, bai san irin 'ya'yan itacen da ake ci ba. Sau da yawa ma an rage masa gashin fiffike, tashinsa bai wuce daga wannan rufi zuwa wancan ba. Irin wannan ya fi kusa da akuya, kyanwar unguwa kuwa ita ce kurarsa.

Ka duba ƙafa tasa ko da zobe,
Ka duba fiffike da wutsiya.

In ya yi zance da muryar mutum,
Akwai wani can yana ta cigiya.

In ko ya koma ga halin dawa,
Hukunci daban ne a Malikiyya.

SHARHI: A nan ne wurin da ake bukatar natsuwa, domin aku ba kamar kaza ba ne. Asalinsa naman dawa ne, abin farauta, wanda ya fara kama shi shi ya mallake shi. To in ya kuɓuce wa na farko, na biyu ya kama, na wane ne? Shaihu Halilu ɗan Ishaƙ, malamin Masar mai Muhtasar, ya warware wannan cikin babin yanka da farauta. Ma'anar maganarsa ita ce, abin farauta in ya tsere ya zama na wanda ya kama shi daga baya, ko da na farkon saye ya yi. Amma ya togace wanda ya riga ya saba da mutane, sa'an nan bai koma halin dawa ba. Wannan yana nan a matsayin mallakar na farko, kuma yana hannun na biyu a matsayin tsintuwa. Shafi'iyya sun fi mu tsanani, a wurinsu tserewa ba ta yanke mallaka ko kaɗan.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka gane wane iri ne a hannunka. Alamomin na gida ba su ɓuya. Za ka ga zobe a ƙafarsa, wani lokaci da lambobi a jiki. Za ka ga dogayen gashin fiffike an datse su daidai wa daida, aikin almakashi. In ka miƙa masa sanda sai ya taka ya hau. Yana cin abinci daga kwano ba tare da tsoro ba, yana sunkuyar da kai a sosa masa wuya. Mafi girman alama kuwa ita ce magana. Tsuntsun da ya yi sallama, ko ya kwaikwayi ƙarar waya, ko tarin tsoho, wannan ya ba da shaida a kan kansa cewa a ɗaki ya girma. Kada rashin maganarsa a rana ta farko ya ruɗe ka, domin aku in ya tsorata yakan yi shiru kwana da kwanaki. Namu sai da ya kwana 5 kafin ya buɗe baki.

Na dawa kuwa ba ya sauka kusa da mutum sai in rauni ya kayar da shi, in ka matso ya yi ƙara mai kama da gurnani, ya buga jikinsa ga bango. A gari kamar Kumasi yau, ganin na dawa a kan katanga abu ne mai wuyar gaske, za ka ji dalili a gaba. Don haka in ka yi shakka, ka ɗauke shi a kan mai ubangida ne.

In ka ga kyanwa da yara da danƙo,
Ɗauke shi, wannan ita ce kariya.

In ka san ranka da kwaɗai gare shi,
Kira amini ya yi ajiya.

In ka riƙe shi, ka ƙi sakinsa,
Lamuni na kanka in ya yi tafiya.

SHARHI: Ɗaukar tsintuwa ba hukunci guda gare ta ba. Wanda ya yarda da amanar kansa, ya kuma ji tsoron maha'inci zai riga shi, ɗauka ta wajaba a kansa. Wanda ya san zuciyarsa, ya san in abin ya shiga hannunsa ba zai fita ba, ɗauka ta haramta gare shi, sai ya kira wani. Niyya a lokacin ɗauka ita ce ke raba mai amana da mai ƙwace: in ka ɗauka don ka tsare wa mai shi, sa'an nan ya mutu ba da sakacinka ba, babu kome a kanka. In ka ɗauka da nufin mallaka, lamuni ya hau kanka tun daga wannan sa'a, ko tsawa ce ta kashe shi.

Baiti na uku amsa ce ga almajirin da ya ce a sake shi. Malamanmu sun ce wanda ya ɗauki tsintuwa don ajiya, ta daɗe a hannunsa, sa'an nan ya mayar da ita inda ya same ta har ta salwanta, zai biya. In nan take ya mayar, akwai saɓani. To sakin tsuntsu ya fi mayar da jaka muni, domin jaka tana zama inda aka ajiye ta. Mutane suna ganin buɗe keji jin ƙai ne. Ga akun gida, buɗe keji a tsakiyar gari miƙa shi ne ga yunwa da hankaki.

Ruwa da farko, sa'an nan ɗumi,
Da ɗaki rufe, ya kwana lafiya.

Masara, ayaba, 'ya'yan kwakwa,
Ban da gishiri, ban da fiya.

Tuna da wadda ta ɗaure kyanwa,
Da mai shayar da kare a rijiya.

SHARHI: Jakar kuɗi ba ta jin ƙishirwa, wannan tsintuwa kuwa tana ji. Hakki biyu ne suka haɗu a kanka, na mai shi da na tsuntsun kansa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare, duka suna cikin Buhari da Muslim, yaro ma ya san su. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake yi.

In za ka kama shi, ka lulluɓe shi da tawul ko mayafi, kada ka sa hannu tsirara, domin bakinsa mai ƙarfi ba zai ji wuyar yatsa ba. Kada kuma ka matse masa ƙirji. Tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi, matsewa kaɗan tana kashe shi. Ka sa shi cikin keji, ko kwando mai murfi, ko kwali da aka huda, da sanda a gicciye wadda zai tsaya a kai. Ka ajiye shi wuri mai ɗumi marar hayaniya, ka rufe gefe ɗaya da zane, ka hana yara taruwa a kansa. A rufe taga, a kashe fankar sama in za a fito da shi. Ka ba shi ruwa mai tsabta a ƙaramin kwano, amma kada ka ɗura masa, sai ya shaƙe.

Abincinsa a dawa 'ya'yan itace ne da tsaba, kuma yana matuƙar son 'ya'yan kwakwar manja. A gida ka ba shi ɗanyar masara, gero, dawa, ayaba, gwanda, gwaba, mangwaro, dafaffen wake marar gishiri. Gyaɗa yana sonta ƙwarai, sai dai a ba shi kaɗan, kuma a duba, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana lalata masa hanta da huhu. Fiya guba ce gare shi, haka cakulan da kofi da shayi. Goro ma kada a ba shi. Na faɗi wannan da gangan, domin na san halin dattawanmu, duk wanda suke so sai sun ɓara masa. Albasa da soyayyen abu da miya mai gishiri duka a nisantar. Huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi, saboda haka kada a kunna maganin sauro ko turaren wuta a ɗakin da yake, kada a ajiye shi a madafa.

In ka ga ya kumbura gashi ya zauna ƙasan keji, ko ido da hanci suna ruwa, ko wutsiya tana hawa da sauka tare da numfashi, ka kai shi wurin likitan dabbobi ranar nan, domin tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya yi nisa. Ka raba shi da kaji da tantabarun gida. Akwai wata cuta da aku ke ɗauka wadda take kama mutum ta ƙurar busasshen kashinsa, tana zuwa da zazzaɓi da tari, don haka a yayyafa ruwa kafin a share ƙasan keji, a wanke hannu bayan an gama.

Wani ya tambaye ni, in kashinsa ya taɓa buzun salla fa? A mazhabarmu tsuntsaye duka halal ne, kuma kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne muddin ba najasa yake ci ba. Salla ta yi. Wankewa don tsabta ce da lafiya. Wani kuma ya ce, in ya yi sallama a amsa? Babu wajibci, domin ba mai hankali ba ne, bai nufi gaisuwa ba. Haka in ya kwaikwayi ayar sujada, babu sujada ga mai ji. Ni dai ban ga laifin wanda ya amsa don wasa da yara ba. Tsare tsuntsu cikin keji kuwa, muddin ana ba shi hakkinsa, malamai sun kafa hujjar halascinsa da labarin Abu Umairu, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi ya tambaye shi labarinsa bai hana ba.

Shekara guda kana ta shela,
Ƙofar masallaci, kasuwa, waya.

Kada ka faɗi kamarsa duka,
Ka bar mai shi ya amsa tambaya.

Abin da ya kwaso a cikin gidansu,
Ka binne shi can cikin zuciya.

SHARHI: Abin da ba shi da daraja, kamar dabino guda, ba a cigiyarsa. Aku kuwa dukiya ce mai tsada, don haka shekara ce cikakkiya, tun daga ranar da aka ɗauka. A yi shela a inda ake zaton mai shi zai nema, duk bayan kwana 2 ko 3 a farkon lamari. Na ce ƙofar masallaci, ban ce cikinsa ba, domin an hana cigiyar ɓataccen abu cikin masallaci, hadisin yana cikin Muslim. A yau gidan rediyo, da takarda a manna bakin kasuwa, da saƙon WhatsApp na unguwa, da gaya wa masu sayar da tsuntsaye da likitocin dabbobi, duka sun shiga cikin ma'anar cigiya. A fara da gidajen kusa, domin mai datsattsen fiffike ba ya nisa.

Halilu ya zaɓi kada ma a ambaci jinsin abin da aka tsinta, don kada maƙaryaci ya sami tsani. Ga aku wannan da wuya, tun da unguwa duka tana jin muryarsa. Abin da nake gani shi ne a ce an tsinci aku, a tsaya nan. Kada a sa hotonsa da zoben ƙafa a fili, kada a faɗi kalmomin da yake yi. Waɗannan su ne jakarsa da igiyarsa. Wanda ya zo ya faɗi ranar ɓacewa, da lambar zobe ko wani tabo a yatsa, da maganar da tsuntsun ya saba yi, a ba shi ba tare da neman shaidu ba. Mu mutum 3 suka zo mana da ƙarya cikin mako na farko. Ɗaya ya ce nasa kore ne, ashe tsirya yake nufi.

Baiti na uku ban gan shi a littafi ba, ƙiyasi ne a kan amana. Aku yana kwaso muryoyin cikin gida, har faɗan miji da mata. Wanda aka ba ajiyar akwati bai halatta ya buɗe ba, haka wanda ya ji irin wannan bai halatta ya kai shi majalisa ba.

Da namu ya buɗe baki a rana ta 5, ba Hausa ya yi ba. Yaren Tonawa ya yi, ya kuma rera wani abu mai kama da waƙar coci. Sai almajirin nan mai son tabarmi ya ce, to Malam, ai ba na Musulmi ba ne. Na ce masa ka koma ka karanta. Dukiyar wanda muke zaune da shi da amana tana da alfarma daidai da tamu. Har Halilu ya ce tsintuwar da aka samu a ƙauyen ma'abota littafi a miƙa ta ga malaminsu, domin shi ya fi sanin mutanensa. Ranar Lahadi na aiki almajirai 2 su tsaya ƙofar majami'un da ke kewaye da zango, su gaya wa shugabanninsu.

In mai shi ya zo ka ba shi nasa,
Kuɗin tsaba ne kawai zai biya.

In shekara ta cika bai zo ba,
Riƙe ko bayar, da lamuni baya.

SHARHI: Abin da ka kashe wajen ciyarwa da magani, mai shi yana da zaɓi: ya biya ka ya karɓi dabbarsa, ko ya bar maka ita a madadin kuɗin. Don haka ka riƙa rubutawa. Tukuici kuwa in ya yi alkawari tun farko, ko ya bayar da daɗin rai, halal ne. Amma ka tsare tsuntsu ka ce sai an ba ka kaza, wannan cin dukiya ne da ɓarna. In shekara ta cika, Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu 386 Hijira, ya ce cikin Risala kana da zaɓin ci gaba da ajiya, ko sadaka a madadin mai shi, kuma in ya bayyana daga baya bai yarda ba, za ka biya.

Kafin ka zaɓi riƙewa ka auna ƙarfinka. Wannan tsuntsu yana kai shekara 40 har 60 a hannun mutane, watau irina in ya riƙe, magada ya ɗora wa. Yana bukatar hira kullum, in aka bar shi shi kaɗai sai ya shiga fige gashin jikinsa har ƙirji ya zama tsirara.

Sayarwa kuwa akwai wani abu da ya shigo wanda iyayenmu ba su sani ba. Binciken da aka fitar a ƙarshen 2015 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na wannan aku tun daga 1992, saboda kamu don fatauci da sare manyan itatuwan da yake ƙwai cikin kogonsu. A 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka taru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, suka hana cinikin wanda aka kamo daga dawa tsakanin ƙasa da ƙasa, hanin ya fara aiki cikin Janairu 2017. Masu kamu sukan hau kogo su kwashe 'ya'ya, alhali Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fiffike, Annabi ya sa aka mayar mata. Don haka fatawata ita ce, wanda shekara ta cika masa kuma ba zai iya riƙo ba, kada ya kai wa dillali. Ya je ga ma'aikatan hukumar kula da namun daji, ya ajiye takardar shaida, ko mai shi zai zo wata rana. Haka kuma wanda ya tsinci na dawa mai rauni.

Mu ba mu kai ga wannan ba. A kwana na 43 wata tsohuwa Batoniya ta zo da jikanta yana yi mata tafinta. Ta faɗi daren da iska ta kayar da kejin, ta faɗi cewa yatsan ƙafar hagu na baya ba shi da farce, ta faɗi sunan da yake kira. Duka daidai. Da aka fito da shi, ya karkata kai ya dube ta, sa'an nan ya kira wannan suna da murya mai kauri ta namiji, sai tsohuwa ta zauna a ƙasa. Jikan ya ce muryar kakansa ce, mijinta, ya rasu shekara 6 da suka wuce. Na nuna mata takardar kuɗin masara da ayaba don ta san hukuncin, na ce mun yafe. Bayan mako guda ta aiko da tabarmi 4.